Daga Macijin Kusugu Zuwa Kurar Tatsuniya: Tarihin Kamanta Cin Mutum da na Dabba

 

Abin da ya jawo maganarmu ta yau ya faru ne a zaman karatun da ƙungiyarmu ta saba yi duk ƙarshen wata a nan Daura. Wani ƙanenmu, sabon shiga, ya karanta mana babin farko na littafin da yake rubutawa. Labari ya yi daɗi, kowa ya yi tsit, har aka iso inda amarya ta kai wa mahaifin mijinta tuwo, ta tsaya a kansa yana ci, ta yi murmushi ta ce, "Baba, ashe kana da ci kamar doki." Marubucin ya ɗago kai yana jiran dariya. Shiru. Can sai wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya ya gyara zama ya ce, "Ɗana, a babi na nawa za a ba ta takardarta?" A nan ne fa aka yi dariyar.

Yaron ya rantse ba zagi ya nufa ba. Ya ce a wani littafin Turanci ya tsinci maganar, kuma a can wasa ce. Gaskiya ya faɗa. Bature kan ce wane yana ci kamar doki, ma'ana yana da ci sosai, kuma uwa tana iya faɗa wa ɗanta matashi haka cikin jin daɗi. Idan ya ce kamar tsuntsu, mai tsakurar abinci yake nufi. Idan ya kawo kyarkeci, mai haɗiya ba tauna ke nan. Alade ne mai nauyi a cikinsu, shi kam ko a Ingila ba a faɗa wa baƙo. Da yawanmu mun haddace waɗannan a makaranta don cin jarrabawa, shi ya sa suke zamewa cikin alƙalaminmu ba mu ankara ba.

To amma amaryar cikin labarin 'yar Daura ce, kuma laifi uku ta yi a layi ɗaya. Ta tsaya kallon surukinta yana cin abinci, ta tanka a kan cinsa, sannan ta haɗa shi da dabba. Don mu gane abin da ya sa ɗaki ya yi shiru, sai mun koma baya mun ga yadda Bahaushe ya daɗe yana kallon ci, da yadda yake kallon dabba.

MU FARA DAGA BAKIN RIJIYA

Duk wanda ya tashi a Daura ya san Kusugu, kuma har gobe baƙi na zuwa su leƙa rijiyar su sha ruwanta. Labarin da kakanni suka bar mana shi ne, a zamanin Sarauniya Daurama akwai wani maciji a cikinta mai suna Sarki, wanda ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda ya iso gari da dare, ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu, ta gaya masa dalili. Ya karɓi guga ya nufi rijiya, ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Sauran labarin, auren Daurama da haihuwar Bawo da Hausa Bakwai, kowa ya sani.

Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan abin da ke cikin labarin na zahiri da abin da yake ishara. Mu marubuta abin da ya shafe mu shi ne siffar da aka zaɓa. A labarinmu mafi shahara, wanda ya danne abin da jama'a za su sa a baki dabba ne, kuma jarumi shi ne wanda ya buɗe wa kowa hanyar sha. Ga baƙo ya zo da ƙishi, ga tsohuwa ta rasa ruwan da za ta ba shi, abin kunyar da ya fi kowane a gidan Bahaushe. Tun daga nan muke ganin cewa idan an haɗa dabba da abin ci ko abin sha a bakin mutanenmu, maganar haƙƙin wasu ake yi.

"CI" BA TUWO KAƊAI BA

Dubi kalmar ita kanta. Da "ci" muke cin sarauta, mu ci gari, mu ci kasuwa, mu ci riba, mu ci bashi. Da ita kuma ake cin amana, cin hanci, cin zarafi, cin fuska da cin mutunci. Mai gulma cin naman ɗan uwansa yake yi. Maye ma, a tsohon camfi, cin kurwa ake cewa yana yi. Duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai ga yadda wannan 'yar kalma mai harafi biyu ta mamaye wuri. Saboda haka idan ka ce da mutum cinsa irin na wata dabba ne, kunnen Bahaushe ba ya tsayawa a bakin akushi. Yana wucewa har zuwa halinsa da amanarsa.

Akwai kuma dalilin zama. Mu mutanen damina ɗaya ne. Abin da aka zuba a rumbu da kaka shi za a lallaɓa har sabon gero ya nuna. Kakanninmu sun ga yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, iyayenmu sun ga farin 1973. Sannan a akushi ɗaya ake ci, maza a zaure, mata a cikin gida, yara da ƙwaryarsu. A irin wannan zama, wanda ya yi babbar loma rabon na kusa da shi ya taɓa. Shi ya sa aka yi wa ci shinge da kunya. Suruki ba ya ci a gaban surukinsa. Baƙo, ko da yunwa na cinsa, sai ya ce alhamdu lillahi, sai an matsa masa. Mai gida ba ya cewa "zo ka ci", sai ya ce "bismillah" ko "zo ka sa albarka". Babba ba ya sauke akushi ƙaf, yakan rage wa yara. Sarki kuwa ba a ganin cinsa a bainar jama'a, har bakinsa ma a rufe yake da amawali.

Inda ake ɓoye ci irin haka, tanka wa mutum a kan yawan cinsa kawai ya isa faɗa, balle a sa masa dabba.

KURA DA GIZO SUN ƊAUKE MANA NAUYI

Duk da haka masu haɗama ba su taɓa ƙarewa a gari ba, kuma dole a yi musu magana. Dabarar magabata ita ce su ɗora laifin a kan namun daji. A tatsuniya kura ce uwar zari: ga ci, ga tsoro, ga wauta, kullum cikinta ne ke kai ta ga halaka. Gizo shi ma mayunwaci ne, sai dai shi da wayo yake nema. Wa ya manta da labarinsa da hankaki, da suka ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya hana su taɓa ko ɗaya yana cewa shi ya fara gani, har suka ƙwace gashinsu suka bar shi a kan itace? Kaka tana ba da wannan da dare, yaron da ya wawuri naman miya da rana yana zaune yana ji. Ba a kira sunansa ba, amma ya ji a jikinsa.

Karin magana ma haka take aiki, kuma kowace dabba da laifin da aka rataya mata. Idan aka ce an ba kura ajiyar nama, maganar amana ce. "Kaza, ci ki goge bakinki" ta butulu ce. "Ƙuda, wajen kwaɗayi akan mutu" gargaɗi ne ga mai bin abin hannun mutane. "Ungulu ba ki jewar banza" ta mai zuwa gidanka sai in ya hango wani abu ce. "Akuyar ɗaure ta samu sake" ta wanda ya daɗe cikin takura ya samu dama ya zaƙe ce. Idan ɓarawo yana zagin ɗan uwansa ɓarawo sai a ce kura ce ke ce wa kare maye. A lura, a dukansu dabbar ake yi wa magana, ko a yi magana a kanta. Mutumin da ake nufi yana gefe, an bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Wannan shi ne habaici, kuma a nan ladabin yake.

Waɗannan abubuwa sun shiga takardar boko tun da wuri. A 1885 J. F. Schön ya buga Magana Hausa, wanda ya samo da yawa daga cikinsa a bakin Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram, maƙwabtanmu na arewa, da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai. A 1905 Merrick ya fitar da tarin karin maganar Hausa. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a juzu'i uku, daga rubuce-rubucen ajami na malamai. A 1913 kuma Tremearne da Rattray kowannensu ya fitar da nasa tarin. Wanda ya bi waɗannan littattafai zai tarar da kura da Gizo suna nan da halinsu kamar yadda muka ji su a ɗakin kaka. Fiye da shekara ɗari ke nan ba su sauya ba.

Kura tana da wani nauyi na daban da ya kamata mu kiyaye. A da mutane sun yarda akwai masu rikiɗa su zama kura da dare. Don haka kiran mutum kura a gabansa yana iya shafar zargin maita, zargin da ke raba aure ya hana 'ya'yan gida samun miji.

BAKIN MALAMAI DA BAKIN MAROƘA

Musulunci ya zo ya ƙara wa wannan shinge ƙarfi. Tun a makarantar allo aka koya mana ci da dama, da cin abin da ke gabanmu, da raba ciki uku: abinci, ruwa da numfashi. A Suratu Muhammad, aya ta 12, an kamanta cin waɗanda suka kafirce da cin dabbobin ni'ima. A Suratul Hujurat, aya ta 12, an kamanta giba da cin naman ɗan uwa matacce. Wanda ya tashi da waɗannan a kunnensa ba zai ɗauki "kana ci kamar dabba" a matsayin raha ba.

Malaman jihadi sun yi amfani da wannan siffa a siyasa. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki tsarin mulkin da ya tarar, ya lissafa cikin aibobinsa cin duk abin da rai ya so ba tare da duba halal ko haram ba, ya kuma kamanta mai mulki don biyan sha'awarsa da dabba. Wannan guguwa ta iso Daura wajajen 1805, lokacin da Malam Isiyaku ya karɓi gari, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure, har zuwa 1906 da aka dawo da Malam Musa gadon Daura. Ba muna nan don yanke hukunci tsakanin magabata ba. Abin lura shi ne, kamanta cin mutum da na dabba yana cikin maganganun da aka yi yaƙi da su a ƙasar nan.

A fada kuwa dabba tana da fuska biyu. Ana ce wa sarki Zaki, a ce masa Giwa, Toron Giwa, Bajimi. Ba wanda ya taɓa jin haushin wannan, domin ƙarfi da kwarjini ake nufi. Idan kirari ya taɓo ci, to cin maza ne da cin gari. Amma makaɗin da ya kira ubangidansa giwa, shi ne zai juya ya yi wa abokin hamayyarsa zambo da kura ko ungulu ko burgu, ya siffanta tumbinsa da lomarsa har jama'a su gane shi ba a faɗi suna ba. Tsoron wannan baki ne ya sa masu hali ke yi wa maroƙa kyauta tun kafin su buɗe shi. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a nan Daura, kowa ya san yadda ake shakkar zambonsa. Darasin da ke nan shi ne, dabba ɗaya ba ta isa ta nuna yabo ko zagi ba, sai an duba wace gaɓa tata aka ɗauko. Ƙarfinta yabo ne, cikinta zagi.

INDA AKA HALATTA

Kada a ɗauka Bahaushe ba ya wasa da ci. Yana yi, har ya fi Bature, sai dai ya ware masu yi da lokacin yi. Jika yana iya ce wa kakarsa ta cinye masa tuwo kamar fara ta sauka a gona, ta rama da abin da ya fi haka. Taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, suna yi wa juna. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, duk suna da lasisin tsokanar juna, kuma abinci na cikin abin da suka fi tsokana a kai. A watan Muharram, wanda muke kira watan cika-ciki, ana so kowa ya ci ya ƙoshi, kuma a lokacin ne abokan wasa ke bin juna kuɗin shara. Ga kuma santi: mutum ya ji daɗin miya ya saki baki ya yi maganar da ba ta da kai, a yi ta ba da labarinsa shekara da shekaru. Sa'o'i a majalisa suna kiran junansu acici, ba wanda zai tashi.

Kenan tambayar ba ta tsaya ga "wannan magana zagi ce ko wasa" ba. Tambayar ita ce wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a gaban wa. Maganar da taubashi zai yi a ba shi tukuici, ita ce amarya za ta yi a tara mata dangi.

DARASI DAGA MASU FASSARA

Magabatanmu a rubutun boko sun fahimci wannan. Abubakar Imam, da ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce aka fara buga shi a 1937, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, amma ya yi musu wanka ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne. Bala Abdullahi Funtuwa, da ya mayar da littafin George Orwell na 1945 zuwa Gandun Dabbobi a 1975, ya bar aladu a matsayinsu na shugabannin gandu, amma babbansu bai bar shi da sunan Napoleon ba, ya raɗa masa Maitumbi. Da jin sunan, mai karatu ya san wanda zai cinye gandun.

Yanzu mu auna dabbobin Bature huɗu da ma'aunin nan. Doki a wurinmu dabbar daraja ce, ta hawan Sallah da hawan Gani, wadda ake yi wa ado a ba ta dawa da kanwa. Ba mu san shi da haɗama ba, don haka "ci kamar doki" ba ta nuna komai sai raini marar dalili. Tsuntsu kuwa, je ka tambayi manomin da jan-baki suka sauka wa a gonar gero ko tsuntsu ɗan ci kaɗan ne. Mai ƙaramin ci a Hausa tsakura yake yi, ko a ce yana taɓa abinci kamar ba ya so. Kyarkecin Bature, a aikin da yake yi a maganarsu, kurarmu ce, amma mun ga kayan da kura ke ɗauke da su. Alade kuma, a kunnen mafi yawan masu karatunmu, ya wuce maganar ci ya shiga ƙazanta da haram. Idan ka sa wani ya faɗa wa wani haka a labarinka, to ka shirya rubuta faɗa ko zaman sulhu a shafi na gaba.

ABIN DA MUKE BA JUNA SHAWARA

Kafin ka sa dabba a bakin wani a labarinka, tsaya ka tambayi kanka dangantakar mutanen biyu. In akwai kunya a tsakaninsu, kamar suruki da suruka, ɗa da uba, ɗalibi da malami, maganar ba za ta fito ba sam, sai dai in so kake ka nuna rashin tarbiyyar mai faɗar. In abokan wasa ne, sake musu baki, har ma mai karatu zai ji daɗi. In mai maganar yana jin haushi amma ba shi da ikon faɗa, ba shi karin magana ya jefa a iska, ko ya yi da kazar da ke tsakar gida. Kishiya da ke kora kaza tana cewa "ci ki goge bakinki" alhali ƙanwar miji na zaune, ta faɗi abin da shafi biyu na bayani ba zai faɗa ba.

In kuma kai ne mai ba da labari, sau da yawa ba ka bukatar dabbar. Hausa na da handama, da lamushe, da wawura, da zaƙewa, da sauke akushi, da side ƙwarya. Nuna mana hannun da ke kai loma ta biyu tun ta farko ba ta wuce ba, da idon yaran da ke kallon akushi yana ƙarewa, mu da kanmu za mu kira sunan dabbar a zuci.

Ƙanen namu ya dawo da babinsa a zama na gaba. Amarya ta ajiye tuwo ta durƙusa ta gaida surukinta ta fita. Da aka dawo da akushi wayam, sai kakar mijin ta leƙa ta ce, "Yau kuma kura ta kwana a zaure ne?" Dattijon ya amsa daga waje cewa ai laifin mai miya ne. Amarya tana ɗaki tana jin su, ta rufe baki da mayafi. Wannan karon an yi dariya tun bai ɗago kai ba, kuma dattijon da ya tambayi takarda shi ya fara miƙa masa hannu.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta zance na layi goma, inda wani ke ƙorafin cin wani ba tare da ya kira sunansa ba. A faɗa mana garin da abin ya faru da dangantakar mutanen. Wanda kuma ya san wata karin magana ta ci da dabba da ake yi a yankinsu, musamman 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Sakkwato, ya kawo mana mu ƙaru.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya tsare alƙalumanmu daga cin mutuncin bayinSa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.